Taƙaitawa: shawarwarin da aka ba 'yar'uwarmu mai koyon BMX (ƙaramin keken tsere da tsalle-tsalle) a Kaduna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu.

1. An yi ittifaƙi cewa BMX daban yake da keken tseren da ta saba: tayarsa inci 20, giyarsa ɗaya, galibi a tsaye ake tuƙa shi. Ta ƙware a birki da kwana kafin tsalle.

2. Hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu dole ne.

3. Sutura ce ta fi jan zance. Dogon hijabi na iya shiga sarƙa ko taya ya kayar da ita. Yawanci sun ce ta sa gajere ta cusa cikin riga, da wando mai tsukakkiyar ƙafa. Wasu sun fi son ta nemi inda babu maza. Ni dai batun sarƙar nan ya fi damuna.

4. Atisaye a Murtala Square da sassafe, ban da manyan tituna.

5. An rabu kan sayen keke sabo ko gwanjo. Masu cewa gwanjo sun ce mai gyara ya duba tsagewa a ƙarfen jikinsa.

6. Ta nemi yardar iyaye tukuna, ta nuna musu mata na tseren BMX a Olamfik tun 2008.