Neman shawara: madubin hangen nesa zan fara saya ko kyamara, kuma ina zan fara zuwa?

Malamin Firamare, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma sabon shiga ne a harkar kallon tsuntsaye. Abin da na mallaka waya ce da littafin rubutu. Tsuntsayen gari na san su tun ina yaro: kurciya, hasbiya, hankaka, shirwa, balbela, da shamuwa idan damina ta gabato. Amma hotunan da kuke sakawa daga Nguru da Jos sun sa ni kwaɗayin ganin waɗanda ban taɓa gani ba.

Na ɗan yi tari, sai dai kuɗin ba za su ɗauki kyamara da madubin hangen nesa da kuɗin mota gaba ɗaya ba. Dole in zaɓa. Zuciyata ta fi karkata ga kyamara, don ina so in riƙa nuna wa ɗalibaina abin da na gani. Wanne ya kamata in fara saya? Idan tafiya ɗaya zan iya yi a bana, ina ya fi dacewa, kuma a wane wata? Sannan akwai abin da ke damuna: duk lokacin da na tsaya a bakin gona ina kallon bishiya ina rubutu, sai a fara tambayata ko filin zan saya, ko daga ma'aikatar ƙasa nake. Yaya kuke yi da wannan? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalil, Zariya:

Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa. Madubi za ka fara saya, ko tantama ba na yi. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba 8 ita ce yawan kusantowar da yake yi, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske, wanda za ka ga amfaninsa da asuba da kuma dab da magariba. 10x42 ma yana da kyau ga mai kallon fadama da fili, amma ya fi nuna rawar hannu, kuma gano ɗan tsuntsu a cikin ganye ya fi wuya da shi. Ka guji waɗanda ake tallarsu a bakin titi masu jan gilashi da manyan lambobi a jiki. Kafin ka biya, ka kalli wayar lantarki daga nesa: idan ka ga ta rabu biyu, ko idonka ya fara zafi bayan ɗan lokaci, ajiye shi.

Dalilina shi ne, wanda ya fara da kyamara hoto yake farauta, ba tsuntsu yake koyo ba. Gane tsuntsu yana cikin girmansa, da siffar bakinsa, da yadda yake tafiya a ƙasa, da yadda yake kaɗa jela, da kukansa. Waɗannan ido da kunne ke koyonsu. A Najeriya akwai nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma da yawansu ƙanana ne masu ruwan ƙasa da ba sa tsayawa a ɗauke su.

Abin da ya rage na kuɗin ka nemi littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko na hannu ne. Ka kuma sauke Merlin, manhajar gane tsuntsaye, a wayarka, kyauta ce, sai ka saukar da kundin yankinmu tun kana inda akwai intanet.

Maman Husna, Kaduna:

Baban Khalil, ka yi mini afuwa, a nan kam ban bi ka ba gaba ɗaya. Malam ya faɗi dalilinsa: yara yake so ya nuna wa. Yaro ba ya ganin abin da ke cikin madubin malaminsa. Kuma sabon shiga ba shi da wanda zai tsaya kusa da shi ya ce wannan kaza ne. Hoto ne zai kawo mana nan mu taya shi ganewa. Ko hoton bai yi kyau ba, shaida ce.

Ba sai ka sayi babbar kyamara mai canjin gilashi ba, Malam. Akwai masu gilashi a haɗe da ke janyo abu daga nesa sosai, irin Nikon P900 mai ninki 83, ko Canon SX70 mai ninki 65. Ana samun 'yan Kwatano. Idan za ka saya, ka janyo gilashin har ƙarshe ka mayar ka ji ko yana sarƙewa, ka haska fitilar waya a ciki ka duba ƙura ko fumfuna, ka tambayi batir na biyu. Rauninsu shi ne ƙarancin haske da tsuntsu mai tashi, amma wanda ya sauka a reshe da hantsi za su ɗauke shi tsaf.

Ko wacce ka samu, rana ta kasance a bayanka. Ga tsuntsun da ke motsi kada saurin ɗauka ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Idan na bakin ruwa ne, tsuguna ka daidaita da idonsa, hoton ya fi rai a kan wanda aka ɗauka daga tsaye. Lokacin hunturu kuma hazo ne babban abokin gaba: duk ƙarfin kyamara, idan tsuntsu ya yi nisa toka-toka zai fito. Maganinsa matsowa a hankali, ko ka zauna wuri ɗaya ka bari su saba da kai. Ka riƙa saka ta a leda mai zif idan ba ka aiki da ita, kada kuma ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar za ta karce shi.

Ɗan Gashuwa:

Malam, batun tafiya ka bar mana. Daga Kano babu inda zai biya ka kuɗin motarka kamar fadamar Haɗeja da Nguru. Ka zo tsakanin Disamba da Fabrairu. A lokacin ruwan ambaliya ya ja baya, ya bar tafkuna, tsuntsaye sun taru a ɗan wuri, kuma baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna nan. Suna fara isowa wajen Oktoba, zuwa Maris sun fara komawa. A cikin Janairu ne ma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, idan ka yi sa'a za ka tarar da masu ƙidayar ka bi su, a nan ake koyo da sauri.

Wurare uku zan ambata maka. Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jigawa, ita ta fi kusa da kai idan ka biyo ta Haɗeja. Sai tafkin Nguru da magudanar Marma, wurin da aka fara sakawa a jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya daga Najeriya, a 2000. Sai Dagona a ƙasar Bade, kusa da mu nan, wadda ke ƙarƙashin gandun Chad Basin. Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989, manyanmu har yanzu suna ba da labarin. Baturiya da Dagona su ma sun shiga jerin a 2008. Dagona ka fara neman izinin ma'aikatan gandun, su za su haɗa ka da mai rakiya.

Abin da za ka gani: kirinjijiya garke-garke suna fito, dinya, zalɓe iri-iri, zakaran ƙeƙuwa da ba ya barin kowa ya wuce bai yi ƙara ba. Cikin baƙi akwai ƙaramar agwagwar da littafi ke kira garganey, namijin yana da farin zane a saman ido, da kuma ruff mai bin gonakin shinkafar da aka girbe yana tsintar abin da ya zube. Shi ruff a nan ba ya da adon wuyan da za ka gani a hoton littafi, wancan kayan aurensa ne na can Turai; a wurinmu ruwan ƙasa yake, kada ka ce ba shi ba ne.

Gaskiya guda: fadamar ba kamar da ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa ya canja, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da yawa. Akwai inda za ka ji kukan tsuntsu ta ko'ina amma ba ka ganin komai sai kacalla. Don haka ka ɗauki mai kwalekwale ɗan gari, shi ya san inda ruwa ya buɗe a bana. Ku yi ciniki tun da yamma, ku fita bayan sallar asuba. Ka zo da rigar sanyi, sanyin kan ruwa a Janairu ba wasa ba ne.

Malamin Firamare, Kano:

Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta shige ni, amma 'yar Kwatanon da na tambaya ita kaɗai za ta cinye kuɗin har da na mota. Shin babu dabarar ɗaukar hoto da waya ta cikin madubin?

Maman Husna, Kaduna:

Akwai, Malam. Ka ɗora idon kyamarar waya a kan ido ɗaya na madubin. Ana sayar da ɗan maƙali na roba mai riƙe su tare. Ga zalɓe ko dinya da ke tsaye zai yi, musamman idan ka jingina madubin a kan reshe ko gwiwa. Ga ƙananan tsuntsaye sai haƙuri. Idan haka kuɗin suke, to bi shawarar Baban Khalil, kyamara ta jira baɗi.

Ɗalibar Jos:

Sannu Malam. Ni zan ce kada ka raina Kano kafin ka tafi ko'ina. Gonakin rani na Kadawa, bakin madatsar Wasai, har makabarta da tsoffin makarantu masu manyan bishiyoyi, duk suna da tsuntsaye. Wanda ya san na unguwarsu sosai shi ke gane baƙo idan ya gan shi. Idan ka je Nguru ba ka iya bambance balbela da ƙaramin farin zalɓe ba, rabin abin da ke gabanka zai wuce ka.

Kuma kallon naka zai iya zama aiki mai amfani. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos, ke jagoranta. An raba ƙasar zuwa murabba'ai, kowane gefe kimanin kilomita 9. Za ka sauke manhajar BirdLasser, ka shiga murabba'inka, ka yi aƙalla awa biyu kana rubuta duk tsuntsun da ka tabbatar, kana iya ƙarawa har kwana biyar, sai ka tura. Kurciya da hankaka ma ana so, ba sai abin mamaki ba. Sharaɗin kawai kada ka rubuta abin da kake zato. Ɗalibanka manya za su iya taya ka.

Jos kuwa ka ajiye ta zuwa ƙarshen damina. Dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar take, kimanin hekta 300 ne, duwatsu da kurmin rafi. Mutane daga ƙasashen waje suke zuwa saboda rock firefinch, ɗan'uwan ɗan jan tsuntsun nan mai shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki, amma shi a duwatsu yake zama, kuma sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i na daban. Yadda aka gano shi ne ke burge ni: akwai wani baƙin tsuntsu, Jos Plateau indigobird, da ke saka ƙwai a sheƙarsa ya bar masa reno, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Kukan nan ne ya kai masana ga rock firefinch. Da kukan kuma ake bambance shi indigobird ɗin da sauran danginsa, don a ido kusan duk ɗaya suke. Namijin sai wajen ƙarshen damina zuwa farkon kaka yake yin baƙin nan mai sheƙi. Ka tuntuɓi cibiyar kafin ka zo, ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ita ce babba, kuma ban ga an taɓa ta ba. A halin da ake ciki, baƙo mai madubi da littafi a bakin ƙauye dole a yi masa tambaya, kuma mutane suna da gaskiya. Duk garin da ka sauka, fara da gidan mai unguwa ko bulama. Ka yi gaisuwa, ka nuna katin aikinka, ka buɗe littafin tsuntsayen su gani, ka roƙi a haɗa ka da yaro. Ka miƙa wa dattawa madubin su duba da kansu, daga nan zargi ya ƙare. Kusa da shingen jami'an tsaro, gada, bariki ko bakin madatsa, madubi da waya su koma jaka. Kada ka juya shi wajen gidaje ko inda mata ke ɗiban ruwa. Daji kuma komai sunansa a littafi, ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take a makon da za ka je, ba labarin bara ba. Kada ka yi tafiyar dare.

Ka kuma sani manomin fadama ba kallon sha'awa yake yi wa kowane tsuntsu ba. Jan-baki yana kwana a cikin kacalla, ya wayi gari a gonar shinkafa ko gero, ya gama da wahalar shekara. Idan manomi yana kuka da tsuntsaye, saurare shi, kada ka yi masa wa'azi. Mafarauta da masunta kuwa ka girmama su, sun san inda kowane tsuntsu ke kwana fiye da mu duka.

Abin da nake roƙonka da shi da sauran 'yan uwa: idan Allah ya nuna muku gauraka, ko sheƙar ungulu, ko burtu, kada ku rubuta ainihin wurin a Facebook. Gauraka kamawa ake yi a sayar wa masu ajiyewa a gida, har ta yi wuyar gani a dajin ƙasar da take alfahari da ita. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta, tun 2015 aka saka ta cikin masu dab da ƙarewa, kuma masu sayen sassan jikinta suna karanta abin da muke rubutawa. Sunan jiha ya isa. Sheƙa kuma a kalle ta daga nesa. Uwar da aka kora daga kan ƙwai a zafin rana, kafin ta dawo an yi asara.

Malamin Firamare, Kano:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Na tsayar da shawara: 8x42 da littafi da maƙalin waya, in yi ta zagayen Wasai da Kadawa zuwa hutun Disamba, sannan in nufi Baturiya. Ɗan Gashuwa, a Haɗeja zan kwana ko akwai masauki kusa da wurin?

Ɗan Gashuwa:

Haɗeja za ka kwana, Malam, can ne masauki yake. Ka isa da rana ka je ka gaida masu gari, ka shirya da mai babur ɗin da zai ɗauke ka da asuba. Ruwan sha da abin karin kumallo ka saya tun dare. Idan ka sa rana ka yi mini magana ta akwati, in duba ko zan samu tahowa mu haɗu a can.