Murya na makara a hedifon: laifin kwamfuta ne ko na saundkad?

Ɗan_Sitidiyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a kan Windows, saundkad ɗina kuma (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi) mai arha ne na USB. Da zarar mawaƙi ya buɗe baki, sai muryarsa ta iso kunnensa a makare, kamar wani ne ke maimaita masa. Jiya wata mai amshi ta tuɓe hedifon ta ce ita kam ba za ta iya ba. Na sauke bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi) daga 1024 zuwa 128, makarar ta tafi, sai kuma ƙaras-ƙaras ya cika kiɗan. RAM zan ƙara?

Tsohon_Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. A kan 44.1 kHz (wato ɗaukar samfurin sauti 44,100 a sakan guda), bafa 1024 milisakan 23 ne, kuma hanya ɗaya ke nan. Murya sai ta shiga ta fito, ka ga an haura 46. Wace mai amshi ce za ta jure? Shi 128 bai cika milisakan 3 ba, amma kwamfuta sai ta riƙa cika shi a kan kari, in ta makara ko sau ɗaya ka ji ƙaras. A nan ingancin direba, wato manhajar da ke haɗa saundkad da kwamfuta, ke aiki. Wanne ka zaɓa? In ASIO4ALL ne, to riga ce kawai aka ɗora wa direban Windows. Ainihin ASIO, wanda Steinberg suka fito da shi a 1997, yana haɗa manhaja da na'ura kai tsaye, kuma kamfanin na'urar ne ke rubuta nasa.

Maman_Kiɗa: Kafin komai ka sauke LatencyMon, mai nuna direban da ke jawo jinkiri, ya gudana kana kunna aikin. Ni direban Wi-Fi ne ya hana ni sakat, ina kashe shi ƙarar ta ɗauke. Ka jona caji kuma, laftof a kan batir rage ƙarfi take yi. In na'urarka na da maɓallin Direct Monitor, danna shi, muryar ba za ta bi ta kwamfuta ba balle ta makara.

Ɗan_Sitidiyo: Na gode Hajiya, sai dai mawaƙanmu ba sa yarda su rera in ba su ji Auto-Tune, manhajar gyaran murya, a kunne ba. Yallaɓai, ASIO4ALL ɗin ne kuwa, na duba, masu na'urar ba su da direba nasu.

Tsohon_Injiniya: To ka ji inda arhar ta fito. Abin da ya sa ake yabon saundkad ɗin kamfanin RME ke nan duk da tsadarsu, direbansu ake saya. Ko Focusrite Scarlett tana zuwa da ASIO nata. Kafin ka tara kuɗi, fitar da kiɗan a fayil ɗin sauti na WAV, buɗe sabon aiki da shi da Auto-Tune kaɗai, ka ɗauki murya a 128 ko 256. In ka zo haɗa sauti ka mayar da bafa 1024.