Kiɗan nan na matasan Landan, jaz ne ko na gidan rawa?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Ni direban motar kaya ne, aikin dare nake yi, daga sha ɗaya har gari ya waye ba ni da abokin hira sai abin da na kunna. Makon jiya wani abokin aikina ya turo mini kiɗan Yussef Dayes, ya ce jaz ne. Na saurara, na ce ƙarya yake yi. Gangar nan da gudunta da yadda take yankewa ta dawo, na rantse kwamfuta ce, irin wadda ake ji a gidajen rawa. Da na farka da azahar na nemi bidiyon, sai ga mutum zaune da sanduna biyu, gumi na zuba. Na mayar da shi baya ya fi sau biyar ina neman inda aka ɓoye na'urar, ban gani ba.

Daga nan na faɗa kan The Comet Is Coming. Su kam akwai na'ura, ga kuma saksofon yana ihu kamar za a tashi duniya. Ni dai jaz ɗin da na sani shi ne na mutane zaune da kwat, kowa ya yi shiru, in mai busa ya gama a tafa. To wannan fa? Kuma in mutum zai bi shi a tsanake, ta ina zai fara?

Kawu Garmaho:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba abin dariya a tambayarka, kunnenka ne ma ya ji daidai. Abin da ya yi maka kama da kwamfuta, ai ita ake kwaikwaya da hannu.

Ka fara cire wa ranka cewa jaz na zama ne. A Harlem, shekarun 1930, rawa ake yi da shi har ƙafa ta gaji. Zaman ya zo daga baya. Mu nan Landan, ƙarshen shekarun 1980, ranar Lahadi da rana gidan rawa na Dingwalls muke zuwa a unguwar Camden, inda Gilles Peterson da Patrick Forge suke sa fayafayan garmaho. Tsofaffin fayafayan jaz masu gudu suke zaɓa, samari na juyi da ƙafa har ka ji tsoron gwiwarsu. Ni ban iya ba, bango nake jingina, amma na gani da idona.

Sai shekarun 1990 suka zo da jungle. Masu haɗa shi su ɗauko ɗan guntun ganga daga tsohon faifai, su yanka gutsi-gutsi, su ƙara masa sauri har ya wuce bugu 160 a minti. Wato na'ura ce ta ari hannun makaɗi. Roni Size na Bristol ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin kiɗa mafi kyau na shekara a Birtaniya da Ireland, a 1997 da irin wannan, kuma har da babbar garayar nan ta jaz da ake tsayar da ita a ƙasa a cikin kiɗansa. A yammacin Landan kuma su IG Culture da Dego suka fito da nasu salon mai tafiya kamar yana ɗingishi da gangan, shi ake kira broken beat. Yaran da aka haifa a lokacin, wannan suka sha ta bango da tagogin motoci, da sauran kiɗan na'ura irin su garage da grime. Da suka kama sanda, hannunsu ya faɗi abin da kunnensu ya ƙoshi da shi. Na'ura ta ara, yanzu an zo karɓa.

Kuma kada ka ɗauka ba su yi karatu ba. Gary Crosby da Janine Irons sun kafa Tomorrow's Warriors a 1991, suna koyar da yara jaz kyauta. Moses Boyd da Nubya Garcia da 'yan Ezra Collective duk can suka zauna.

Mai Gardama:
Kawu, na yarda da tarihin, amma a bar ni in faɗi gaskiyata. Da yawa daga cikinsu za su kama ɗan zagaye ɗaya su yi minti goma a kansa, ganga na aiki, sauran kuwa ba sa zuwa ko'ina. A wurin wasa ba ka lura saboda jiki na motsi. Ka dawo gida ka sa shi a ɗaki, sai ka ji miyar ba nama. Ko GoGo Penguin na Manchester, da nake so, sukan tsara kiɗan a kwamfuta ne, sannan su koya wa fiyano da ganga. Gwaninta ce, ba musu, amma ina ƙirƙirar nan take da aka san jaz da ita?

Wanda ya rufe mini baki shi ne Promises, na Floating Points mai kiɗan na'ura da dattijon mai busa saksofon Pharoah Sanders a 2021, shekara guda kafin Sanders ya rasu. Shi ma 'yan sautuka ne ake ta maimaitawa kusan minti 46, amma ban taɓa gajiya ba. Sai dai ba na rawa ba ne, kuma Ɗan Auta, kada ka sa shi kana tuƙi da ƙarfe uku na dare.

'Yar Deptford:
Malam Mai Gardama, ai ka amsa wa kanka. Abin da aka yi don ɗaki cike da mutane, ka kai shi ɗakinka kai kaɗai kana masa jarrabawa. Na sha zuwa taron kiɗan Steam Down a Deptford daren Laraba. Makaɗa ba sa sama mu muna ƙasa, kana iya taka wayar jitar wani. Maimaicin da kake kuka da shi, shi ne ke ba mai busa fili, kuma ƙirƙirar tana tsakaninsa da masu rawa: in suka ɗauki zafi ya bi su, in suka lafa ya ja su.

Yaya Ɗan Auta, ka fara da We Out Here, kundin haɗaka na 2018 da Shabaka Hutchings ya jagoranta, zai nuna maka fuskoki da dama a zama ɗaya. Sannan Sons of Kemet: masu ganga biyu, Shabaka da saksofon, da Theon Cross da ƙaton kakakinsa da ake kira tuba, ba tuban zunubi ba. Gurnanin da na'ura ke yi a gidan rawa, shi da huhunsa yake yin sa. Sun watse a 2022, Shabaka ma ya ajiye saksofon a ƙarshen 2023 ya koma sarewa, don haka faifai kawai ya rage mana. Ezra Collective kuwa suna nan. Su ne 'yan jaz na farko da suka ci Mercury, a 2023, kuma mai gangarsu Femi Koleoso ya zauna gaban Tony Allen, tsohon mai gangar Fela Kuti, shi ya sa za ka ji ƙamshin Legas a hannunsa.

Ɗan Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na sa Sons of Kemet daga Dartford har Luton, kuma sai da na tsaya shan mai na gane ba jita ba ce ke gurnanin nan. Malam Mai Gardama, Promises na ajiye shi sai Lahadi. Kawu, cikin fayafayan da ake sa muku a Dingwalls, wanne ne ya fi karya gwiwa?