Dutsen da Auta ya tsinta a rafi: baƙin daimon ne ko kuza?

Auta: Salamu alaikum. Jiya bayan ruwan la'asar na gangara rafi wankin babur, sai na tsinci wani baƙin dutse cikin yashi. Bai wuce ƙwallon dabino ba, amma nauyi kamar ƙarfe. Na goga shi a jikin kwalba, ya yi mata zane. Wani mai sayen duwatsu ya ce baƙin daimon ne, daga sama yake faɗowa. Wai in ba shi dubu hamsin ya kai shi gwaji.

Direba: Wa alaikumus salam. Kai Auta, ka taka sa'a! A 2022 an yi gwanjon irinsa a kamfanin Sotheby's na Landan, mai nauyin karat 555.55, aka saye shi sama da fam miliyan 3. Su ma cewa suka yi mai yiwuwa daga sama ya zo.

Malam: An yi gwanjon, gaskiya ne. Amma wancan sunansa kabonado, kuma a wuri biyu aka san ana samunsa: jihar Bahia ta Burazil da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Doguwa, inda Auta ya tsinci nasa, ba ta ciki.

Direba: Allah gafarta Malam, abin da ya faɗo daga sama yana zaɓen ƙasa ne? A 1962 dutse bai faɗo a Zagami ba, nan Katsina, aka gano daga duniyar Mas yake?

Malam: Ya faɗo, wajen kilo 18. Sai dai ranar aka ga faɗowarsa. Kabonado kuwa shekarunsa sun haura biliyan 2 da rabi. Masu cewa daga sama ya zo hujjarsu ita ce ba a samunsa a cikin dutsen da ke fito da farin daimon daga ƙarƙashin ƙasa, sai cikin tsakuwar rafuka, ga kuma ƙananan ƙofofi a jikinsa kamar soso. Suna ganin ya sauko ne lokacin da Burazil da Afirka ke manne, daga baya ƙasa ta rabe da shi. Wasu masanan sun ce a'a, a cikin ƙasa ya samu. Har yau ba su daidaita ba.

Direba: To ai ka ji, cikin rafi! Auta ma a rafi ya tsinta.

Kawu: Ku saurara min. Ni na yi wankin kuza a Riruwai tun ba a haifi Auta ba. Nauyin nan da ya faɗa shi ya ba ni amsa. In ka jujjuya yashi a kwano cikin ruwa, yashin ya tafi, baƙin da ke kwanciya a gindi kuza ce ko kwalambait, wani baƙin ma'adini mai nauyi. Kuza ta ninka daimon nauyi kusan sau biyu. Zanen kwalba kuwa, ko farar ƙanƙarar dutse tana yi.

Gwaggo: Yaya, to baƙaƙen da ake sa wa a zobe fa? Na gani a wayar 'yata.

Malam: Yawancinsu, Gwaggo, daimon ne mara kyau da aka gasa ko aka haska masa wani haske ya yi baƙi, shi ya sa ya fi fari araha. Shi kansa kabonado a da haƙoran injin huda dutse ake yi da shi, don ba ya tsagewa da sauƙi. Mafi girmansa, karat 3,167 da aka samu a Bahia a 1895, farfasa shi aka yi don wannan aikin.

Direba: Ni dai ban sauka ba. Ba wanda ya gwada dutsen nan tukuna.

Kawu: Nan kam na yarda da kai, a gwada. Amma ɗana, kada ka sake ka ba mutumin nan ko sisi, kada kuma dutsen ya bar hannunka. Akuya biyu na sayar a kan irin wannan zance, mai gwajin ya tafi da kuɗin da dutsen, har yau zuciyata tana sosuwa.

Auta: Na ji, Kawu. To ina zan kai shi?

Malam: Jibi zan shiga Kano. Ƙulle shi a leda ka zo da sassafe, mu nufi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero.

Direba: Ni zan kai ku. Ku same ni a tasha bayan asuba.