Hawainiyar ɗana ta daina hawa reshe, me za mu yi mata?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah akwai wanda ya taɓa jinyar hawainiya? Ɗana yana da guda ɗaya, kawunsa ne ya tsinto ta a gona wajen Bichi, ta fi shekara uku a wurinmu. Tun shigowar hunturun nan ta canja. Ta daina harba harshe ta kamo fara, idanunta sun faɗa ciki, da rana tsaka ma a rufe suke. Jiya ta faɗo daga reshe, yau kuma a ƙasan keji ta yini, jikinta ya yi duhu. Yaron ya ƙi cin abincin kirki, can gefen kejin yake zaune. Ku taimaka mini da shawara.

Baban Zainab: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Haidar, Allah ya ba ta sauƙi. Na taɓa kiwon su lokacin da nake Zariya. Ki fara duba kashinta. Kashin hawainiya kala biyu ne, akwai baƙi akwai fari a haɗe. Idan farin ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, to ƙishirwa ce ta ci jikinta. Yawancinsu ba sa shan ruwan da aka ajiye a kwano, raɓa suka sani, sai sun ga ɗigo yana ƙyalli a kan ganye sannan su lasa. Iskar hunturu kuwa busar da komai take yi. Ki samu kwalbar feshi sabuwa, wadda ba a taɓa zuba maganin sauro ko turare a ciki ba, ki riƙa fesa ruwa mai ɗan ɗumi a kan ganyen da ke kusa da bakinta, da hantsi da kuma la'asar.

Maman Haidar: Yanzu na duba. Ruwan lemo ne kuwa, har ya bushe ya yi tauri. Feshin muna yi kullum, Haidar bai taɓa fashi ba, amma kwanakin nan ko lasa ba ta yi.

Anti Ladi: Ni dai 'yar'uwa da za ki ji tawa, ku mayar da ita daji. Abin daji ne, wataƙila idan ta ji iskar gida ta warware. Kuma yaron ba zai ga mutuwarta ba.

Baban Zainab: Anti, da tana da lafiya ne, kuma da damina ne, da na goyi bayanki. Amma wadda ba ta iya riƙe reshe, a ajiye ta a ƙarƙashin bishiya cikin wannan sanyi? Kafin magariba hankaka ya ɗauke ta, in bai gan ta ba cinnaka su taru a kanta da ranta. Wannan ma ya tuna mini: Maman Haidar, tunda a ƙasa take kwana yanzu, ki ɗora kejin a kan tebur, ki sa ƙafafun teburin a cikin gwangwanaye da ruwa. Tururuwa ba sa jira sai dabba ta mutu.

Dakta: Salamu alaikum. Na karanta daga sama. Ba zan iya yanke hukunci a kan dabbar da ban gani ba, amma alamomin nan guda uku, rufe ido da rana, faɗawar idanu, da kasa riƙe reshe, idan suka haɗu a jikin hawainiya al'amarin ya yi nisa. Dabba ce mai ɓoye ciwo, domin a daji duk wadda ta nuna rauni ita ake fara ci. Kafin mai ita ya lura, ta daɗe tana fama.

Abubuwa uku nake zargi. Na farko ƙoda, domin ƙishirwa mai daɗewa da tsufa duk suna taɓa ta. Na biyu ciwon laushin ƙashi, wanda ke zuwa idan ba ta samun kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ko hasken rana kai tsaye. Jikinta na buƙatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB don ya haɗa bitamin D3, kuma gilashin taga yana tare shi. Ki duba ko ƙafafunta sun lanƙwashe, ko muƙamuƙinta ya yi laushi. Na uku, idan mace ce, ƙwai na iya maƙale mata. Macen hawainiya na iya ɗaukar ƙwai ko da ba namiji, idan kuma ba ta samu ƙasa mai danshi da za ta tona ba sai ta riƙe su har su galabaitar da ita. Wannan na ukun shi ne wanda likita ya fi iya cetowa idan an kai da wuri, shi ya sa nake so a kai ta asibitin dabbobi gobe da safe. Idan na kusa da ku ba su saba da irin waɗannan dabbobi ba, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Hajiya Umma: Dakta, ba za a ɗan ɗura mata ruwan zuma da sirinji ba? Ko a fasa farasitamol a jiƙa mata kaɗan? Tausayi ta ba ni wallahi.

Dakta: Hajiya, na san tausayi ne, amma don Allah kada a yi ko ɗaya. Ƙofar numfashinta a ƙasan baki take, dab da harshe. Idan aka buɗe bakin da ƙarfi aka tsiyaya ruwa, huhu zai tafi. Maganin mutane kuma bai dace da ita ba, ɗan abin da muke gani kaɗan ne yana iya kashe ta. Abin da za a yi a daren nan shi ne a sauƙaƙa mata. A cire dogayen rassa, a bar ɗaya mai kauri a ƙasa ƙasa. A shimfiɗa tsohon zane mai laushi a ƙasan keji, ban da tawul mai zare-zare don faratanta na maƙalewa. A shigar da ita ɗaki, domin daren hunturu a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, ita kuwa ɗumin jikinta daga waje take samunsa. A zuba ruwan ɗumi a gora a naɗe da zane a ajiye a gefe ɗaya na kejin, kada ya taɓa jikinta. Ban da kaskon gawayi a ɗakin, ban da maganin sauro na hayaƙi ko na feshi. Ruwa kuma a ɗiga shi a hankali a kan leɓenta, ɗigo ɗaya, a jira. Idan ta haɗiye a ƙara, idan ba ta motsa baki ba a ƙyale ta. A fitar da duk farar da ta rage a kejin, domin fara da gyare suna gaigayar dabbar da ba ta iya kare kanta.

Abu mafi wuya ga Haidar shi ne kada ya riƙa ɗaukarta. Mu a wurinmu runguma ce tausayi, ita kuwa hannun mutum tsoro yake ba ta. Ya zauna kusa, ya rage surutu, ya zama shi ne mai ɗiga ruwan.

Maman Haidar: Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Mun yi duk yadda ka ce. Ɗigo biyu ta haɗiye.

Maman Haidar: Salam. Ba mu kai ga zuwa asibiti ba, ta mutu bayan sallar asuba. Jikinta ya yi haske sosai kafin nan. Haidar ya yi kuka har muryarsa ta dishe, yana ta cewa laifinsa ne. Yayyensa kuma suna cewa a kan ƙadangare yake wannan kukan. Ban san me zan ce masa ba.

Malam Bashir: Allah ya ba shi haƙuri. Maman Haidar, ki tara yayyen ki ba su labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. Hadisi ne ingantacce. Sannan ki faɗa wa Haidar cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, kamar yadda ya zo a hadisin mutumin da ya shayar da kare. Shekara uku yana kamo mata fara yana ba ta ruwa, wannan duk a rubuce yake.

Dakta: Ki gaya masa kuma daga bakin likita cewa ba laifinsa ba ne. Idan da girmanta aka tsinto ta, ke nan shekarunta sun fi ukun da ta yi a hannunsa. Ko irin hawainiyar ƙasar Yaman da ake kiwo a Turai da Amurka da kayan aiki na musamman, namiji shekara 6 zuwa 8 yake yi, mace ba ta kai haka. Da yawa daga waɗanda ake kamowa a daji ba sa shekara a keji.

Anti Ladi: Allah sarki. Ki bar shi ya yi kukansa, kada a hana shi. Nawa yaron da kyanwarsa ta mutu, abin da ya sanyaya masa rai shi ne da aka bar shi ya haƙa rami da kansa. Ku naɗe ta a ƙyalle, ya binne ta a gindin bishiyar da yake tsinko mata ganye, ramin ya yi zurfi saboda karnuka. Idan akwai hotunanta a waya ki wanke masa ɗaya.

Hajiya Umma: Ko a samo masa wata? Na ga ana kawo su kasuwa wurin masu maganin gargajiya.

Baban Zainab: Hajiya, a ɗan dakata tukuna. Idan aka kawo wata yau, zai ga kamar ana so a rufe masa baki ne. Kuma na kasuwa yawanci sun kwana biyu a buhu ba ruwa, ga tsutsar ciki, sai a sake maimaita masa wannan baƙin cikin kafin azumi. Sayen su ma ƙara wa masu kamawa ƙwarin gwiwa yake yi. Idan damina ta sauka a kai shi gonar kawun nasa da daddare da tocila. Suna kwana a bakin rassa, jikinsu ya yi haske, a lokacin ne aka fi ganinsu. Ya kalle su a inda suke.

Maman Haidar: Mun binne ta ɗazu, shi ya yi haƙan. Ya ce kada a taɓa kejin. In bar shi haka?

Dakta: Ki bar masa shi a inda yake, amma a wanke yau. A zubar da ganye da rassa da zanen, a wanke ƙarfen da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Irin waɗannan dabbobi kan ɗauki ƙwayar salmonella mai sa gudawa, don haka duk wanda ya taɓa ta ko kejin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Ki ba Haidar safar hannu ku yi wankin tare.