Muhawara: Tambayar fasto lissafin baiko taɓa shafaffen Ubangiji ne?

Shugaban matasa, Narayi, Kaduna: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ana cewa mamba ba shi da hurumin tambayar fasto inda baiko da zakka suka shiga, wai Zabura 105:15 ta hana taɓa shafaffu. Ni ban yarda ba. Ku fa?

Mama, Zumuntar Mata, Sabon Tasha: Ɗana, ni na yarda. In na sa baikona a kwano, Allah na ba. Wanda ya ci, shi da Allah. Mun ga ikilisiya ta rabu biyu a kan maganar kuɗi, har yau wasu ba sa gaisawa a kasuwa. Duba 2 Sarakuna 12:15, ba a nemi lissafi daga masu kula da gyaran Haikali ba, domin amintattu ne.

Ma'aji, Barnawa: Mama, ki yi haƙuri, a ɗauko surar daga farko. Sarki Yowash ya ce firistoci su karɓi kuɗi su gyara Haikali, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara ba. Sai ya kira Yehoyada firist ya tambaye shi dalili. Daga nan aka huda murfin akwati aka ajiye kusa da bagade, in kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Mutum biyu, Mama! Ni mai riƙe da littafin kuɗi, hankalina ba ya kwanciya sai dattawa biyu sun ƙirga baikon Lahadi a gabana, mun sa hannu, an kai banki da safiyar Litinin. Wannan kariya ce ga fasto kansa.

Dattijo, Kakuri: Matsalata da ku matasa gaggawa ce. Kun ji ƙishin-ƙishin, sai Facebook. 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku.

Shugaban matasa: Gaskiya ne, Baba. Amma aya ta 20 ta ce wanda ya ci gaba da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. A 2020 da aka sa hannu a dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAMA, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya (CAN) ta ƙi sashe na 839 da ya ba hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Tun da mun ce gwamnati ta bar mana gidanmu, dole mu share shi da kanmu.

'Yar ƙungiyar mawaƙa, unguwar Television: Iyayena, abin da ke ci mini rai ya wuce kuɗi. Yarinya ta yi ciki ba aure, a sanar a gaban ikilisiya, a sa ta horo, ta koma bencin baya, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji. In shugaba ne ya faɗi, sai a yi shiru a canja masa wurin aiki, ya je ya tarar da wasu 'yan mata da ba su san komai ba. Wa zai kare su?

Baba Fasto mai ritaya, Gonin Gora: 'Yata, kin taɓo inda ke da ciwo. Zabura 105 tana maganar yadda Allah ya gargaɗi sarakuna kada su cuci Ibrahim da zuriyarsa, ba ta hana tambaya ba. Natan ya tsaya gaban Dawuda, Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya. Hanya kuma tana nan. A ECWA akwai majalisu hawa-hawa, LCB ta ikilisiya guda, LCC ta yanki, DCC ta gunduma, har GCC babbar majalisa, sauran ikilisiyoyi ma suna da majalisunsu. Tsoro da ganin ido ne ke hana ta aiki. Sai dai ku ma ina tambayarku: faston da albashinsa ya makale, kuɗin makarantar yara na jiransa, wa ya leƙa gidansa? Wane dattijo ne ke zama da shi ya tambaye shi yaya addu'arsa, yaya aurensa?

Mama: Na ji, Baba. A karanta lissafi, amma a taron mambobi, ba a tsakiyar sujada ba, ba kuma a Facebook ba. Har yanzu ina tsoron rabuwa. Maganar yarinyar nan kuwa, ni ce zan tashe ta a taron Zumunta na wannan makon.