Neman kalma: me za mu kira "sabatikal" na liman?

Mai tambaya, Gadarif (Sudan): Malamai, kwamitin masallaci na rubuta ƙa'idar aiki, an zo kan abin da Turawa ke kira sabatikal. Hutu ne mai tsawo da ake ba shugaban addini bayan shekaru yana aiki, ya je ya yi karatu, ya huta, ya dawo kan aikinsa, alawus ɗinsa na tafiya. A coci-cocin Amurka da Ingila yawanci wata uku ne. Wace kalma za mu sa?

Malamin Larabci, Kasala: Tushenta ɗaya da Asabar ɗinmu, "sabt". A Attaura an ce a noma ƙasa shekara shida, a bar ta ta huta a ta bakwai. Jami'o'in Larabawa suna cewa "tafarrugul ilmi". A Saudiyya shekarar karatu guda ce bayan shekara 5 ana koyarwa. Sai dai kada a ɗauko "ijaza" don kawai ita ce kalmar hutu a bakin mutanen nan Sudan. Bahaushe in ya ji ijaza, izinin da malami ke ba ɗalibi yake fahimta.

Alaramma, Maiurno: Halwa ma ku bar ta. A Sudan in ka ce liman ya tafi halwa, za a ɗauka makarantar allo ya koma. Ni da son raina "saura" ce, gonar da aka bari ta huta, wadda manoman Jazira ke kira "bur". Ma'anar ta zauna daram.

Malamin Larabci: Allah gafarta Malam, ta zauna a gona. Amma wa zai miƙe bayan sallar Juma'a ya ce liman ya zama saura? Sai a yi dariya.

Sakataren kwamiti, Madani: Babbar matsalar a "hutu" take in ta tsaya ita kaɗai. "An hutar da liman" a kunnen jama'a yana nufin an tuɓe shi cikin ladabi. Dole kalmar ta nuna akwai aiki a ciki, kuma akwai dawowa. Ina ganin "hutun nazari", a riƙa faɗinta tare da wa'adi: hutun nazari na wata uku.

Ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa. A rubuta ranar tafiya da ranar dawowa, liman da kansa ya sanar daga kan mumbari, ba kwamiti ba, don a rufe bakin masu cewa an kore shi. Wata uku kusan Juma'a 13 ne. Kada a ɗora wa na'ibi duka, a raba huɗuba tsakanin mutum biyu ko uku, domin in mutum ɗaya ya riƙe mumbari tsawon lokacin, sai a sami masu cewa ya fi liman, daga nan rigima ta tashi. Salloli biyar na na'ibi ne. Sulhun ma'aurata da rabon gado a faɗi sunan wanda za a je wurinsa. In liman shi ne ma'azun na unguwa, wato mai izinin ɗaura aure da rubuta shi, littafin ɗaurin auren ba a miƙa wa na'ibi, sai a tura mutane wurin wani ma'azun.

Alaramma: Lokaci kuma, bayan Maulidi ya fi: Rabi'us Sani zuwa ƙarshen Jimada Sani. Ya dawo a Rajab, yana da wata biyu kafin tarawihi. Kuma ya bar unguwar. Limamin da gidansa ke jikin masallaci, in ya zauna, bayan Asuba za a yi masa sallama da batun jana'iza, kunya ba za ta bar shi ya ce yana hutu ba.

Mai tambaya: To mun sa "hutun nazari". Na gode, Malamai. Wanda ya riƙe aikin fa, na'ibi za mu rubuta ko muƙaddashi?

Sakataren kwamiti: Na'ibi. Muƙaddashi na sa a ji kamar kujerar ba kowa.